Ƙuri'ar Goggo Tela

3 ga Mayu

Zuwa ga ɗana Tabarau,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta daɗe ba ta sa ka a ido ba. Ya aiki, ya maiɗakinka da 'yan biyu? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar hagu da ke yi mini tsiya idan hadari ya haɗu, da kunnen nan da ya ƙara nauyi. Shi ya sa ma ka ga takarda. Ranar da ka bugo waya ina ta "na'am, na'am", wallahi rabin maganarka ban ji ba.

Wata magana ce ta tsaya mini a wuya. 'Yan unguwa kowa da inda ya karkata, dangi na kusa kuma kafin in rufe baki zancen ya zaga gari. Kai kuwa ko da yake zumuncinmu da ɗan nisa, tunda kakana da kakan babanka ne wa da ƙane, shekara huɗun da ka yi a gidan nan kana sakandare sun sa ba na bambanta ka da wanda na haifa.

'Yata Auta ce ta fito takarar kansila. Kuma ba a jam'iyyar Fitila ba.

Ka san gidan nan. Maigidana, Babanku Kafinta, Allah ya ji ƙansa, shekara goma sha biyu yana shugaban Fitila na mazaɓar nan. Dandamalin da suke hawa wurin taro shi ya ƙera shi. Tutocinsu kuwa shekara talatin da biyar a keken nan nawa ake ɗinka su, har suna suka sa mini, Uwar Fitila. Da a Tsani ta fito, abokan gabarmu na kullum, da yanzu ina asibiti. Wata ƙaramar jam'iyya ce sabuwa, wai Guga. Ofishinsu shago ɗaya ne kusa da kantin magani, da kujerun roba shida.

Dalilinta kwalbatin bakin layinmu ne. Shekara shida ke nan da ya rufta. Duk ruwan da aka yi sai ya dawo cikin gidaje da firamaren da take koyarwa. Bara a kan benci 'yan ajinta suka tsaya har iyayensu suka zo suka ɗauke su a kafaɗa. Ta yi ta zarya wurin kansilanmu ba a yi komai ba. Ta nemi takara a Fitila, aka ce ta jira, layi bai zo kanta ba.

Shekaranjiya Ciyaman ya zo, aminin marigayi, wanda ya gaji kujerarsa. Ya ce, "Uwar Fitila, garin nan jam'iyya biyu ne, mu da Tsani. Duk ƙuri'ar da yarinyar nan za ta samu daga kwanonmu za ta ɗiba, Tsani su haye. Ki ja mata kunne." Na ce na ji.

Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta ce in zaɓe ta ba. Cewa take, "Umma, ƙuri'arki taki ce." Wannan ya fi roƙo ciwo.

Na ji kana cewa can ƙasar waje inda kake jam'iyyu sun fi yatsun hannu ɗaya. Yaya kuke yi? Ka faɗa mini gaskiya, kar ka lallashe ni.

Goggonka

*

19 ga Mayu

Goggo,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, ban ko cire takalmin aiki ba. Muna lafiya. 'Yan biyu sun fara cire haƙoran gaba, kowa na zargin ɗan'uwansa da yi masa gaba. Gwiwar nan don Allah ki rage taka keke, akwai na lantarki fa a duniya.

Kafin komai, na gode da kika tuna da ni. Ba na mantawa da ranar da malamin lissafi ya ce ni daƙiƙi ne, kika rufe shago kika ja hannuna zuwa asibitin ido, ashe allon ne ba na gani. Da wannan tabarau na kai inda nake, sunan kuma ya bi ni har yau.

Nan jam'iyya tara ne a takardar zaɓe, tsawonta kamar tawul. Kuma ba wanda ya zo na ɗaya ne yake kwashe komai ba. Raba kujeru ake yi daidai yawan ƙuri'ar kowa. Ba mai iya mulki shi kaɗai, sai sun zauna makonni suna ciniki kafin su haɗa gwamnati.

A garejinmu na gyaran bas-bas na birni, ɗakin shan shayi ya zama majalisa. Fomanmu, wato shugaban aikinmu, shekara arba'in jam'iyya ɗaya yake zaɓe, ta mahaifinsa. Ni kuwa tun da na samu takardun zama ɗan ƙasa na yi zaɓe huɗu, jam'iyya uku. Fanka yake kirana, wai kaina ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na ce masa ai fankar ce take sa kowa ya samu iska. Amma ina ganin girmansa, don lokacin da jam'iyyarsu ta faɗi ƙasa warwas irinsa ne suka tsaya har ta miƙe.

Ga abin da na gani da idona. An so a rufe garejinmu a sallami rabinmu. Wata 'yar jam'iyya da ba ta samu ko kashi takwas cikin ɗari ba ta ce ba za ta shiga gwamnati ba sai an soke maganar. Aka soke. Tun daga ranar na daina raina ƙaramar jam'iyya. Ba ƙuri'ar da take tafiya a banza.

Kin ce kar in lallashe ki. To ni a ganina aikin Baba Kafinta ya ƙare, Goggo. Yanzu lokacin Auta ne.

Ki gaishe ta, ki ce ina alfahari da ita.

Ɗanki,
Tabarau

*

30 ga Yuni

Goggo,

Ina fatan kina lafiya, gwiwa da sauƙi. Mu ƙalau.

Yau mako shida da na aiko miki amsa, shiru. Na fara zaton gidan waya ne suka ɓatar, sai na kira Auta. Ta ce takardar ta iso tun tuni, kin karanta sau ɗaya kin ninke kin jefa a durowar zare. Ta ce idan ta ambaci sunana sai ki ƙara wa keke gudu.

Na zauna na tuno duk abin da na rubuta ban gano inda na taka ba. In zancen fanka ne, wasa nake, ban ce ki zama irina ba. Jiya ina ƙarƙashin bas na ɗaure noti ɗaya sau uku don tunani, har foman ya ce in fito in sha ruwa.

Ko zagi ne ki rubuto, Goggo. Na fi son sa da wannan shirun.

Ɗanki,
Tabarau

*

14 ga Yuli

Tabarau,

Na amsa gaisuwa. Lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba. Fushi nake, kuma tunda ka nemi zagi, ga shi.

Ka ce aikin Babanku ya ƙare. Kai da ka ci abinci a hannunsa! Bari in faɗa maka abin da ka ce ya ƙare, don lokacin kana can.

Shekarar da gobara ta cinye shagonsa, ko guduma ba a fitar ba. Kafin gari ya waye sau uku mutum arba'in na Fitila sun zo da katako da kwano sun tayar da shi. Ba wanda ya tambayi ko sisi. Ciwonsa na ƙarshe, ranar da muka kai shi asibiti na'urar hawa bene ta lalace. Ciyaman ɗin nan da kake gani da tumbinsa, shi ya goya shi har hawa na uku. Wata biyu matarsa na kawo mana abinci, ban ɗora tukunya ba. Kai kana ganin jam'iyya suna ce a takarda. Ni mutane nake gani, da fuskokinsu. In na juya musu baya, da wane ido zan dube su?

To na sauke abin da ke raina. Saura labari.

Talatar da ta wuce da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwa ya shigo shago har idon sawu, da ƙyar maƙwabta suka taya ni ɗora keke a kan tebur. Da na leƙa, sai ga Auta a bakin kwalbati da shebur, tsamo-tsamo, ita da mutanenta. Har da samarin Fitila uku, sun cire hulunan jam'iyya sun cusa a aljihu suna taya ta. Kansilanmu da aka buga masa waya ya ce yana taro.

Washegari Ciyaman ya aiko da yadin tutoci kamar kullum, na karɓa na ɗinka. Ranar Alhamis ina hanyar kasuwa sai na ga ƙyallen kamfen na Auta a rataye a gaban ofishinsu. Tabarau, ɗinkin ya karkace, gefe ɗaya ya tattare kamar fuskar mai kuka. Na tambayi mai kantin magani wa ya yi wannan aika-aika. Ya ce wani tela ta kai wa a bayan tasha, wai ba ta so ta sa uwarta a tsaka mai wuya. 'Yar tela guda, hotonta a kan wannan abin kunya! Na sa aka sauko mini da shi, na farke na sake ɗinkawa, aka mayar kafin ta taso daga makaranta. Da ta dawo gida na san ta gani. Ta ɗauko man zafi ta zauna a ƙasa tana murza mini gwiwa, ta daɗe.

Ɗinki na gyara, ban ce na canza sheƙa ba. Zaɓe saura mako huɗu, kuma har yanzu ban san abin da zan yi ba.

Goggonka, da sauran fushi

*

29 ga Yuli

Goggo,

Alhamdu lillahi da na ga rubutunki. Zagin ya iso lafiya, na kuma gode. Kowa nan ƙalau.

Wallahi ba abin da nake nufi ke nan ba, amma laifina ne da na takaita magana. Kin tuna yadda Baba yake yi idan ya gama kabad? Sai ya shafa shi da tafin hannu daga sama har ƙasa, ya buɗe ƙofar ya rufe sau biyu, sannan ya buga gefensa ya ce, "Ya ƙare!" Mu da ke goge masa katako da yamma jiran kalmar nan muke. Ba ya faɗinta sai abu ya yi kyau, ya isa a ɗauka a kai gidan mai shi. Kalmarsa na ara. Nufina ya yi nasa ya kammala, ba abin da ya rage a wuyansa, balle a ce ke za ki ci gaba da biya masa da ƙuri'arki.

Labarin goyon nan ban taɓa ji ba. Har na karanta wa maiɗakina. Mutumin da ya yi wannan ya cancanci a girmama shi har abada, ko wa kika zaɓa. Na yi miki bayani kamar zancen lissafi ne, ashe zancen mutane ne. Ki yafe mini.

Ba zan ƙara cewa ki zaɓi wane ba. Abu ɗaya dai nake nan a kai: in kika ba Auta, ba asara kika yi ba.

Ɗanki,
Tabarau

*

20 ga Agusta

Goggo,

Ina gaisuwa. Ina fatan hayaniyar zaɓe ba ta taɓa lafiyarki ba.

Auta ta turo mini sakamako a waya ba tare da ko kalma ɗaya ba. Tsani dubu ɗaya da ɗari biyu da huɗu. Fitila ƙasa da su da talatin da uku. Guga ɗari uku da tamanin da takwas. Na kira ta sau biyar ba ta ɗauka ba.

Abin da Ciyaman ya faɗa shi ya faru, ni ne na yi kuskure. Na ɗauki ma'aunin nan na auna muku da shi. Da a nan ne, ƙuri'un Auta sun isa a ba jam'iyyarta kujera, a zo ana lallashinta. A wurinku kuwa wanda ya zo na ɗaya ya kwashe duka. Na san da haka, amma daɗin labarin garejinmu ya rufe mini ido. Yanzu kujerar da Fitila ta riƙe tun zamanin Baba ta koma hannun Tsani, ni ina nan nesa ba abin da zai same ni, ke ce za ki fita layi ki haɗa ido da mutane.

Ban san abin da kika zaɓa ba, ba kuma sai kin faɗa ba. In zaman ya yi miki zafi ki zo ki huta wurinmu wata biyu, ɗakin baƙi na nan. Da gaske nake.

Ɗanki,
Tabarau

*

9 ga Satumba

Ɗana Tabarau,

Assalamu alaikum. Takardunka biyu duk sun iso. Ina lafiya, gwiwa ta lafa tunda ruwa ya ja baya. Ka gaishe da maiɗakinka, ka ce na gode da ɗakin baƙi, amma ba inda za ni.

Ta farkon ta sa ni kuka, har sai da na rufe shago. Na manta da "Ya ƙare" ɗin nan, wallahi na manta. Ina karantawa sai na ji ƙarar tafin hannunsa a jikin katako kamar yana bayan labule. Shekara bakwai da rasuwarsa ba wanda ya dawo mini da muryarsa sai kai. Na yi maka mummunar fahimta, ka yafe wa tsohuwa.

Ta biyun kuwa dariya ta ba ni. Kai a tunaninka wasiƙarka ce ta kayar da Fitila? Mutum ɗari uku da tamanin da takwas duk kai ka rubuta musu? Ruwan da ya shiga ɗakunansu ne ya rubuta musu.

Ga yadda aka yi. Ranar zaɓe takarda biyu aka ba ni, ta shugaban majalisar gari da ta kansila. A ta farko yatsana da kansa ya tafi kan Fitila, ko dubawa ban yi ba. Da na buɗe ta biyu sai hannun ya sake nufar can. Na riƙe shi da ɗaya hannun. Na daɗe a tsaye har jami'ar zaɓe ta leƙo ta ce, "Mama, lafiya?" Na ce lafiya, tunani nake. Shekara talatin da biyar ina zaɓe, ranar ce farkon da na yi tunani a cikin rumfar nan. Na dangwala wa Guga. Ba don ni na haife ta ba kaɗai. Na tambayi kaina, cikin mutum ukun nan wa na gani da shebur?

Bayan sakamako an sha wuya, ba zan ɓoye maka ba. Matan Fitila da muke zama tare mako biyu ba su amsa gaisuwata ba. Wani ya rubuta "Maciya amana" da alli a ƙofar shago. Ban goge ba, na ce ba ni na rubuta ba. Auta ta yi kwana biyu ba ta cin abinci, ta ce ta jawo mini. Rana ta uku na ce ta tashi, 'yan ajinta ba su faɗi zaɓe ba, suna jiranta.

Alhamis ɗin da ta wuce da hantsi sai ga Ciyaman da riga a hannu, wai aljihu ya yage. Yagewar da ko makaho ya taɓa ya san da almakashi aka yi ta. Ya zauna a benci ina ɗinki. Can ya ce, "Ƙuri'a talatin da uku."

Na ce, "Na ji."

Ya ce, "Da taki a ciki?"

Na ce, "Da tawa."

Ya ce, "Da kin faɗa mini."

Na ce, "Da ka tambaye ni. Ka zo ka ce in ja wa 'yata kunne, ka aiko da yadi. Kun bi gida gida a bayan tasha kuna roƙon waɗanda ba su da jam'iyya. Layin nan ko sau ɗaya ba ku shigo ba, don kun san namu a aljihunku yake."

Na zaci zai tashi. Sai ya cire hula ya share zufa ya ce, "Wallahi gaskiya ne. A takardarmu layin nan tun kafin a fara kamfen muka sa masa alamar an gama." Ya fito da biro da bayan wani ambulan ya ce, "To yanzu ina tambaya. Me kuke so?"

Tabarau, na yi magana har shayinsa ya huce. Kwalbati, fitilun hanya, rufin ajin Auta, bolar bayan kantin magani. Yana rubutawa ambulan ya cika ya juya. Na kuma faɗa masa abin da ban taɓa faɗa ba, cewa goyon da ya yi wa maigidana yana raina har in mutu, kuma gidan nan nasa ne ko wace jam'iyya yake. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙin dutsen guga ne. Dutsen guga a kashe yake.

Kar ka ɗauka komai ya gyaru. Kwalbati na nan a rufte. Sabon kansilan Tsani ya zo da mutum biyu sun auna shi da igiya sun tafi, za mu gani. Ciyaman na so Auta ta dawo Fitila, ta ce za ta yi shawara da mutanenta. Ni ban sa baki ba.

Da zai tafi ya tsaya a ƙofa ya karanta rubutun allin. Ya ɗauki rigar da na gama ɗinke masa yanzun nan, ya tsoma gefenta a bokitin ruwa, ya goge ƙofar tas, mutanen layi suna kallo.

Na gode, ɗana. Ma'auninka bai yi daidai da garinmu ba, amma kai kaɗai na samu na yi faɗa da shi a kan maganar nan ba tare da tsoron ta fita ba. Allah ya raya maka 'yan biyu, ya ba ka masu yi maka abin da ka yi mini.

Goggonka,
wadda yanzu ba a san inda za ta dangwala ba